Falsafa daban, wa'azin ƙarshen fim daban

Assalamu alaikum Edita,

Shirinku na daren Lahadi ya ɓata mini rai ƙwarai. Baƙon da kuka gayyato ya cinye lokaci yana nanata cewa fim mai falsafa shi ne wanda a ƙarshe azzalumi ya ga sakayya, mai haƙuri ya ci riba. Haba malam! Wannan ai wa'azi ne, kuma wa'azi yana da masu shi. Shi kuwa mai gabatarwa ban da "haka ne, haka ne" babu abin da ya ce.

Na daɗe ina zaman sulhu a unguwarmu, rikicin iyakar gona, na gado, na aure. Mutum biyu za su zauna a tabarma ɗaya, kowa ya rantse, kowa da hawaye, labari ya sha bamban, kuma in ka dubi idonsu babu wanda yake jin ƙarya yake yi. Abin nan ya sha hana ni barci. Ban ga wanda ya taɓo shi ba sai da ɗana ya kunna mini Rashomon, fim ɗin Akira Kurosawa na Japan, na 1950. An kashe mutum a daji. Ɗan fashi ya ce shi ya kashe, matar mamacin ta kawo nata labarin, shi mamacin ya yi magana ta bakin 'yar bori, mai saran itace ma ya faɗi nasa. Alƙalin ko fuskarsa ba a nuna ba, shaidu kyamara suke fuskanta, wato kai mai kallo aka ɗora wa shari'ar. Har aka tashi ba a ce ga mai gaskiya ba.

To wannan ba falsafa ba ce? Imam Gazali ma ya tuhumi ido, ya ce yana ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take, yana ganin tauraro kamar dinari alhali ya fi duniya girma. A ma'aunin baƙonku, fim ɗin nan bai koyar da komai ba ke nan. Kuma matasa masu rubuta labarin fim a Kano suna sauraronku, gobe su ɗauka dole sai an tauna wa mai kallo an ba shi a baki.

Sannan don Allah ku rage tallan maganin gargajiya a tsakiyar hira. Mutum na cikin magana sai a yanke shi, in an dawo ya manta inda ya tsaya.

Naku mai sauraro,
daga Zariya