Rahoton ayyukan shekara: abin da muka auna, muka haɗa, muka gyara

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiyarmu ta masu gyaran kayan lantarki, iyayen gidanmu masu shaguna, da ƙannenmu masu koyon aiki, muna godiya ga Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan shekara lafiya.

A babban taron bara kun ɗora wa kwamiti nauyi guda ɗaya. Kun ce a rage al'adar nan ta cire fanel, wato allon da'irar na'ura, a sa sabo ba tare da an san abin da ya kashe tsohon ba, a koma koya wa juna zana da'ira tun daga takarda, musamman ɓangaren analog, inda sigina ke hawa da sauka a hankali, da kuma mahaɗarsa da ɓangaren dijital. Zaman ranar Asabar bayan La'asar shi ya zama makarantarmu, kuma ban da makonnin azumi da na Babbar Sallah bai tsaya ba. Ga yadda ta kaya.

Amfilifayar masallaci

Da wannan muka fara, domin babu unguwar da ba a kawo wa ɗayanmu amfilifayar masallaci ko ta Islamiyya. Ƙorafin kusan iri ɗaya ne: tana gurnani, ko tana zafi ta mutu ana tsakiyar karatu.

Gurnanin iri biyu ne, kuma kunne kaɗai ba ya saurin raba su. Wutar ƙasar nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Idan gurnanin na 50 ne, zango ɗaya a fuskar osiloskof, na'urar da ke zana siffar sigina a gilashi, yana cin kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa, kuma yawanci ta wayar makirfo ya shigo, ko ta layin ƙasa da aka haɗa a wuri biyu ya yi zobe. Idan na 100 ne, zangon rabin wancan ne, to daga cikin gida yake: babban kafasitan da ke tace wuta bayan diyod ya bushe. Ranar da muka nuna wannan, wani dattijonmu da ya fi shekara talatin yana riƙe da ƙarfen solda ya matso da kujera, ya sa tabarau, ya ƙirga zangon da kansa da tsinken ashana a jikin gilashin, sannan ya kira yaronsa ya sa shi ma ya ƙirga. A wurina wannan zama shi ne ribar shekarar.

Bushewar kafasita kuwa ba abin mamaki ba ce a garin da zafin bazara ke haura digiri 40. Ƙa'idar da masu ƙera shi ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin rayuwarsa. Don haka kwamiti ya ba da shawarar a daina sa kafasita mai lambar digiri 85 a duk abin da zai zauna cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin rufin kwano, a nemi mai 105 ko da ya ɗan fi tsada.

Batun zafi ya kai mu ga lissafin da ake rainawa. Lasifika huɗu masu om 8 idan aka jera su baki ɗaya a kan waya biyu, om 2 amfilifaya ke gani, ita kuwa an yi ta ne don 4 ko 8. A haɗa biyu-biyu a jere, sannan a gama rukunin biyu, sai a dawo om 8. Inda hasumiya ke da nisa, a yi amfani da layin bolt 100 mai taransifoma a kowace lasifika. Mun kuma duba abin da ya sa transista ke gudun zafi: bolt ɗin da take buƙata don ta buɗe yana raguwa da kusan milibolt 2 a kowane digiri, tana zafi tana ƙara jan wuta, tana jan wuta tana ƙara zafi. Shi ya sa ƙaramar transistar da ke daidaita manyan transistocin fita dole ta manne da ƙarfen sanyaya. Mun ga amfilifayoyi da dama da wani mai gyara ya bar ta tana lilo a iska.

A ƙarshen wannan zango mun haɗa amfilifaya iri biyu muka ɗora su a kan batir ɗaya, ɗaya da aisin TDA2030, ɗaya da aisin TPA3116 (aisi shi ne ƙaramin guntu mai ɗauke da da'ira a cikinsa). Ta farko ajin AB ce, ita da danginta ko a takarda ba sa mayar da fiye da kashi 78.5 cikin ɗari na wutar da suka ci zuwa sauti. Ta biyu ajin D ce, tana kaiwa wajen kashi 90. Ga masallacin da ke kan sola, ra'ayina ajin D ya fi, da sharaɗin a yi mata matatar fita mai kyau, a kuma nisanta wayar makirfo da ita.

Ma'aunin wutar batir, aikin da ya fi ba mu wuya

Da damina ta kama muka shiga aikin da muka yi alkawari: na'urar da za ta gaya wa mai sola amfiya nawa ke shiga batir, nawa ke fita. Gwajin farko bai yi ba, kuma ya kamata kowa ya san dalili.

Mun ɗauki ƙarfen awo, wanda ake sawa a kan hanyar wutar batir, irin wanda ke ba da milibolt 75 idan amfiya 100 ta ratsa shi. Ma'ana kowace amfiya milibolt 0.75 ce kacal. Arduino Uno kuwa, ƙaramin allon kwamfutar da zai karanta awon, yana raba bolt 5 gida 1024, kowane taki kusan milibolt 4.9, wato sai wuta ta haura amfiya 6 kafin ya san wani abu ya motsa. Sai muka ce a ƙara girman siginar da LM358, aisin ƙara sigina, tunda shi ke cikin aljihun kowa. A nan muka faɗa rami. Takardar bayanan LM358 ta faɗa ƙarara cewa kuskuren shigarsa kan kai milibolt 2 a al'ada, yana iya kaiwa 7. A kan ƙarfen awonmu milibolt 7 ya haura amfiya 9. Na'urar tana nuna ana cin wuta alhali an kashe komai a gidan. Laifin namu ne, ba mu karanta takardar ba sai bayan mun narka dalma.

Mun koma kan INA219, aisin awon wuta, sai wani ƙanenmu ɗalibi ya tsayar da mu: iyakarsa bolt 26, batir mai bolt 24 kuwa yana haura 28 lokacin caji. Allah ya yi masa albarka, ya cece mu daga asara ta biyu. INA226 muka tsaya a kai, yana ɗaukar bolt 36, kuskurensa bai wuce mikrobolt 10 ba, kuma yana miƙa wa kwakwalwar na'urar lamba kai tsaye ta waya biyu.

Ko da hakan lambobin suna rawa duk lokacin da inbata ta tashi. Mako biyu muna zargin manhaja. Ashe siraran wayoyin awo ne muka ɗaure a kan manyan kusoshin da kebul ɗin batir ke bi, alhali ƙarfen awon yana da nasa ƙananan sukurori biyu da aka tanada don wannan aiki. Da muka mayar da su can, muka murɗe wayoyin biyu da juna kamar igiya, muka sa kafasita mai nanofarad 100 dab da ƙafar aisin, muka kuma hana wutar komawa ta ɓangaren dijital bi ta ƙarƙashin ɓangaren awo, sai lamba ta zauna. Ba mu canza ko layi ɗaya a manhajar ba. Zanen allon yana nan a manhajar zana allo ta KiCad, kyauta ne ga kowane memba.

Masu tuƙa mosfet

Inbata mai ƙona mosfet IRF3205, transistar da ke kunnawa da kashe babbar wuta, sabo bayan sabo ita ce darasin hunturu. Ƙaramar tirjiyar nan ta miliom 8 da ake yabon wannan mosfet da ita, sai an ba ƙofarsa bolt 10 ake samunta. Wanda ya tuƙa shi da bolt 5 daga ƙafar kwakwalwa ya bar shi rabi a buɗe, zafi zai cinye shi. Mun yi aiki da IR2110 da SG3525, aisi biyu da ake tuƙa mosfet da su, mun nuna yadda kafasitan ɗagawa ke ciyar da mosfet na sama, da kuma ɗan jinkirin da dole a bari tsakanin rufewar na sama da buɗewar na ƙasa. In babu wannan jinkiri, na ɗan ƙiftawa batir yana ganin gajeriyar hanya, ƙarar da ke biyo baya kuwa duk mun santa.

A nan dole in faɗi abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, wato kayan jabu. An kawo mana ledar mosfet da aka saya a kasuwa, rubutu tsaf, amma da muka fasa ɗaya muka kwatanta da na asali da aka ciro daga tsohuwar na'ura, ƙwayar cikinsa ba ta kai rabi ba. Muna roƙon iyayenmu masu shigo da kaya su taimaka mana da hanya amintacciya, ko da saye ne na haɗin gwiwa.

Sauran ayyuka

Na'urar ƙyanƙyasar ƙwai ba ta kammala ba. Ɓangaren awon zafi ya yi: LM35 yana ba da milibolt 10 a kowane digiri, kuma da muka sauya ma'aunin Arduino daga bolt 5 zuwa nasa na ciki mai 1.1, takinsa ya sauko daga kusan rabin digiri zuwa kashi ɗaya cikin goma, abin da ake buƙata don riƙe digiri 37.5 har kwana 21. Abin da ya rage shi ne injin juya ƙwai.

Mun yi zama ɗaya na tarihi, kan yadda Harold Black na Bell Labs a Amurka ya gano a 1927 cewa mayar da wani kaso na fitar amfilifaya zuwa shigarta a juye yana rage gurɓatar sauti, da yadda aisin ƙara sigina na 741 da David Fullagar ya zana a kamfanin Fairchild a 1968 har yau yake cikin shagunanmu. Darasin LTspice, manhajar gwada da'ira a kwamfuta, bai samu jama'a yadda muka so ba, saboda ƙarancin kwamfuta. Ina ganin kuskure ne mu bar shi, domin da mun sa kuskuren LM358 a cikin lissafinsa da mun ga matsalar kafin mu sayi ko rasista ɗaya.

Osiloskof ɗaya ne da mu, kuma aro ne. Kwamiti na neman amincewarku a sa sayen namu a gaba da komai cikin kuɗin shekara mai zuwa. Ma'aji zai raba takardar shiga da fitar kuɗi a zauren taro, masu bashin kuɗin wata su same shi kafin a tashi. Muna kuma yi wa membobin da suka yi rashi a cikin shekarar ta'aziyya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalai haƙuri.

Aikin farko na sabuwar shekara shi ne sikelin awon hatsi da HX711, aisin da ke karanta siginar nauyi, inda siginar duka ba ta wuce milibolt 10 ba ko da an cika sikelin. Duk mai son shiga ya rubuta sunansa wurina, ya zo ranar Asabar da mitarsa da littafin rubutu.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa