Yusufu da Nikodimu ba munafukai ba ne

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan sharhin da jaridarku ta buga a makon Ista, inda marubucin ya kira Yusufu mutumin Arimatiya da Nikodimu, mutanen da suka binne Yesu, munafukai, wai sun ɓoye bangaskiyarsu don kada su rasa kujerunsu a majalisar Yahudawa, ba su fito ba sai da aikin gama ya gama. Na san 'yan'uwanmu Musulmi suna da tasu fahimta game da ƙarshen zaman Annabi Isa a duniya, kuma ina girmama hakan. Maganata a kan abin da Linjila ta rubuta ne kawai, tunda da ita marubucin ya kafa hujja.

A cikin marubutan Linjila huɗu, Yahaya ne kaɗai ya ce Yusufu almajiri ne a ɓoye saboda tsoro (19:38). Markus, wanda yawancin masana ke ganin littafinsa ne ya riga sauran, wajen shekara ta 70, ya ce ɗan majalisa ne mai martaba da ke sauraron Mulkin Allah. Luka ya ƙara da cewa adali ne wanda bai yarda da shawarar majalisar ba, Matiyu kuma ya kira shi mai arziki kuma almajiri, ya ce kabarin nasa ne, sabo, da ya sa aka sassaƙa a dutse. Nikodimu kuwa a Yahaya kaɗai ya bayyana. Gaskiya ne da dare ya fara zuwa wurin Yesu, amma a sura ta 7 shi ne ya buɗe baki a gaban 'yan'uwansa Farisiyawa, masu tsananta bin Shari'ar Musa, ya tambaye su ko Shari'a tana hukunta mutum tun ba a ji ta bakinsa ba, suka mayar masa da gatse cewa ko shi ma mutumin Galili ne kamar Yesu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda marubucin ya raina aikin jana'izar kansa. Romawa sukan bar gawar wanda suka gicciye a rataye don ta zama izina ga jama'a, kuma laifin da aka rubuta bisa kan Yesu shi ne cewa Sarkin Yahudawa ne, wato zargin tawaye. Duk wanda ya shiga gaban Bilatus, gwamnan Romawa, ya roƙi irin wannan gawa ya haɗa sunansa da na mutumin da hukuma ta kashe, shi ya sa Markus ya ce sai da Yusufu ya yi ƙarfin hali. Ya sayi likkafanin lilin, ya sauko da gawar, ya naɗe ta, ya mirgina dutse a bakin kabarin, duk cikin gaggawa domin Asabar, ranar hutun Yahudawa, tana shiga da faɗuwar rana. Nikodimu ya zo da haɗin kayan ƙamshi na mur da al'ul da ya haura kilo 30, kayan da ba a ɓoye su a hannun riga. A wannan lokaci Bitrus, babban almajirin Yesu, ya riga ya yi musun Ubangijinsa sau uku, almajiran da kowa ya sani sun watse, mata ne suka tsaya suna duban inda aka sa shi.

Akwai masanan da ke cewa Yusufu umarnin Attaura kawai ya cika, wato Maimaitawar Shari'a 21:22-23, wadda ta hana gawar wanda aka rataye ta kwana a kan itace. Suna da abin riƙo. Yosifus, masanin tarihin Yahudawa na ƙarni na farko, ya rubuta cewa mutanensa sukan binne waɗanda aka gicciye kafin rana ta faɗi, kuma a 1968 an tono ƙasusuwan wani mai suna Yehohanan a Urushalima, da ƙusa a diddigensa, a kabarin dangi. Ko da an bi wannan ra'ayi, abin da ya rage shi ne mutum mai tsoron Allah da ya ƙi barin gawa ta wulaƙanta, kuma ban ga munafunci a nan ba.

Na yarda Yahaya 12:42-43 ta zargi shugabanni da yawa da suka gaskata amma suka yi shiru don kada a kore su daga majami'a. Sai dai ayar ba ta ambaci sunan kowa ba, kuma ita kanta shaida ce cewa bakin shugabannin Yahudawa bai zo ɗaya a kan Yesu ba, abin da sharhin ya tsallake lokacin da ya yi musu kuɗin goro. Ina roƙon ka buga wannan wasiƙa a shafin da sharhin ya fito, domin waɗanda suka karanta shi su buɗe Markus 15 da Yahaya 19 su duba da idanunsu.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya