Kafin a kafa rumfa a Burmi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da ƙungiyoyin matasa da na ci gaban gari a ƙasar Funakaye, da duk mai niyyar shirya taron tunawa da yaƙin Burmi. Niyya ce mai kyau. Sai dai irin wannan taro yakan ƙare a hawan dawaki da jawabin manyan baƙi, a watse yaro bai san wa ke kwance a wurin ba.

A fara da rana. Sau biyu aka gwabza a Burmi a 1903. Ranar 13 ga Mayu mutanen gari suka kori sojan Turawa. Ranar 27 ga Yuli, farkon Jimada Awwal 1321, Turawa suka dawo da ƙarfi, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane, Manjo Marsh da ya jagoranci harin shi ma ya mutu. To ƙarshen Yuli tsakiyar damina ce. Jama'a na gona, hanyar ƙauye ta jiƙe mota na kafewa, iskar hadari kuma ba ta barin rumfar tamfol. A raba abin biyu: ranar 27 ga Yuli a yi saukar Alƙur'ani da addu'a da hantsi, a tashi kafin azahar, tunda hadari ya fi tasowa da yamma. Babban taron a kai shi Disamba ko Janairu, an gama kaka, ƙasa ta bushe.

Aikin da ya fi kowanne gaggawa ba ya bukatar rumfa ko ɗaya. Ba sauran wanda ya ga yaƙin da idonsa, amma akwai dattawa maza da mata da suka ji daga bakin kakanninsu, kuma kowace shekara raguwa suke. A tura matasa biyu biyu, ɗaya na tambaya, ɗaya na riƙe da waya yana naɗa. Kafin tambayar farko a faɗi sunan mai magana, garinsu, ranar da aka zauna, da wanda ya ji labarin daga gare shi. In babu wannan, bayan shekara biyar ba mai iya cewa muryar wa ce. Kada zama ya wuce minti 40, tsoho in ya gaji sai ya riƙa amsa "haka ne" ga komai. A zauna da kowa shi kaɗai, domin a gaban mai gari ba mai saɓa wa abin da ya faɗa. Wanda ya fi sakewa da Fulatanci ko Bolanci ko Teranci a bar shi ya yi da harshensa, fassara ta biyo baya. A ranar da aka naɗa a kwafe sautin wuri biyu, waya ɓata take yi. In ruwayoyi biyu sun saɓa, a ajiye duka, ba aikin kwamiti ba ne ya zaɓi wadda ta fi daɗin ji.

Kuskure biyu ne suka fi shiga bakin masu jawabi, gara a tare su tun a rubutun allon tarihi da za a kafa a wurin. Malam Jibrilla Gaini, wanda sunan Burmi ya fito a hannunsa, ba ya nan a 1903. Turawa sun kama shi tun 1902 suka kai shi Lakwaja. Na biyu, Attahirun da ya faɗi a Burmi daban yake da Attahiru na Biyu, wanda Turawa suka naɗa bayan sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Allon ya zama na ƙarfe ko siminti, da boko da ajami, kada ya wuce layi goma. Leda da ake bugawa ba ta kai damina biyu.

Filin kansa maƙabarta ne, a ɗauke shi haka. Dattawan wurin su nuna iyaka, a kafa turakun siminti, kiɗa da sukuwa da masu sayar da abinci su koma can nesa. Wannan kuma zai rage gardamar malamai kan ziyara, wadda ta isa ta raba kwamiti tun ba a fara ba. Wanda ya tsinci kan kibiya ko kwanson harsashi a gona, a rubuta inda aka same shi, a ba shi lamba, kada a kankare tsatsar ko a wanke da ruwa.

'Yan bindiga su ne inda ake samun rauni. Bindigar toka in aka cika mata albarushi don ta fi ta wani ƙara, bututun ne ke fashewa a hannun mai ita. Sarkin bindiga shi kaɗai zai auna wa kowa, ba harsashi, baki sama, aƙalla taku 50 daga jama'a, kuma ba a harbi sai dawaki sun wuce. A sanar da 'yan sanda a rubuce mako biyu kafin ranar, a zo da ma'aikacin lafiya da mota a tsaye.

Sai zuriyar waɗanda suka tsira. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da hijira da jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Shuɗin Nilu. In hali ya yi a nemi wani dattijonsu ya yi magana ta waya, a sa a lasifika. Minti goma sun isa, a rage su daga lokacin gaishe-gaishen manyan baƙi.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Bajoga, Jihar Gombe