Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya: A Tura Mu Koyon Allurar Kashe Kafaɗa

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa.

Ni ma'aikacin jinya ne, mai ba da maganin barci a ɗakin tiyatar wani asibitin karkara a Jigawa. Har gobe, duk wanda kafaɗarsa ta goce ko ta karye, ɗan acaɓa ne ko manomin da ya faɗo daga amalanke, maganin barci na ketamin muke ɗirka masa, ko mu tura shi Dutse ko Kano. Da yawa gidan mai ɗori suke zarcewa, sai hannu ya sandare su dawo mana.

Alhali kuwa akwai allurar da ake yi a gefen wuya, tsakanin tsokoki biyun da jijiyoyin kafaɗa suka ratsa. Tun 1970 Dakta Alon Winnie ya bayyana ta a Amurka. Yanzu da na'urar sikanin ake yin ta: kana ganin jijiyoyin a jere, baƙaƙe, kana ganin tsinin allura, sannan ka zuba maganin kashe zafi mai suna bupivacaine. Kafaɗa ta mutu murus na awanni, mara lafiya idonsa biyu, yana numfashi da kansa.

Sai dai ba a koyon ta a waya. Takan kashe jijiyar numfashi ta ɓangaren da aka yi wa, don haka mai ciwon huhu sai an yi hattara. In maganin ya shiga jijiyar jini kuwa, mutum na iya jijjiga, zuciya ta tsaya, kuma dole Intralipid, maganin da ke karya wannan gubar, ya kasance a kusa. Wanda bai taɓa yi a gaban malami ba, ganganci ne ya taɓa wuyan mutum.

To ina horon? Ko shi ne bitar otal, a raba jaka da biro da kuɗin mota, a ɗauki hoto? Mun gode, amma jaka ba ta riƙe allura. An sha tuna mana alƙawarin Abuja na 2001, kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. Nawa ne rabon ɗakin tiyata a ciki?

Don Allah, ranka ya daɗe, a riƙa tura mu bi da bi asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, mu yi watanni ƙarƙashin ƙwararrun likitoci. A saya mana kan na'urar sikanin, wato abin da ake ɗorawa a fata, wanda ya dace da wuya, domin namu na masu juna biyu ne. Zancen oksijin da man janareta, kun riga kun sani.

Muna jiran takardar tura rukunin farko.

Wassalam.