Kafin a buga adadin gawarwaki, a tambayi wanda ya ƙirga

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, ina neman fili a jaridarka in yi magana a kan yadda ake ɗauko rahoto lokacin rikici, da abin da ya kamata makarantun koyon aikin jarida su riƙa cusa wa ɗalibai kafin a miƙa musu makirufo.

A lokacin tashin hankali mai karatu yana yanke shawara ne da abin da ya ji: ya gudu ko ya zauna, ya tura yara makaranta ko ya hana su, wani ma ya ɗauki makami. Don haka wurin da aka fi yin ɓarna shi ne adadi. Da wakili ya bugo waya ya ce "mutum arba'in sun mutu", tambayar farko ita ce: ya ga gawarwakin da idonsa, ko gaya masa aka yi? Idan gaya masa aka yi, wa ya ƙirga, a ina, da ƙarfe nawa? Yawancin kurakurai daga wuri uku suke fitowa. Ana haɗa waɗanda suka mutu da waɗanda suka jikkata da waɗanda ba a gani ba a lissafi ɗaya. Ana ƙirga gawa a inda abin ya faru, a sake ƙirga ta a asibiti. Sai kuma majiyoyi biyu da ake tinƙaho da su, alhali dukansu saƙon WhatsApp guda suka karanta, wanda hakan majiya ɗaya ce ta sauya riga. Idan 'yan sanda sun ce 9, mazauna yankin sun ce 30, a buga duka biyun da sunan wanda ya faɗa, kada a raba tsakiya a ce 20.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. A watan Disambar 1989, a birnin Timisoara na ƙasar Romaniya, gidajen talabijin na duniya sun nuna gawarwakin da aka ce na mutanen da jami'an Ceausescu, shugaban ƙasar na lokacin, suka kashe ne, aka yi ta ambaton sama da mutum 4,000. Daga baya ta tabbata cewa daga maƙabartar talakawa aka tono su, kuma waɗanda aka kashe a birnin ba su kai ko kusa da wannan adadi ba.

Hoto ma haka. Kafin a saka shi, a bi sawunsa ta manhajojin binciken hoto irin su Google Lens ko TinEye a ga ko ya taɓa fitowa shekarun baya a wata ƙasa. A duba lambar mota, rubutun allunan shaguna, kakin jami'ai, da yanayin gari, ko damina ce ko rani. A tuna cewa Facebook da WhatsApp suna goge bayanan da kyamara ke ɓoyewa cikin hoto, saboda haka sai an nemo wanda ya ɗauka an karɓi na asali. Sau da yawa aikin minti goma ne.

Sai maganar kalmomi, wadda ita ce ta fi nauyi a wurina. Gidan rediyon RTLM na Ruwanda ya riƙa kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai a 1994, yana karanta sunayen mutane da wuraren da suka ɓuya. A 2003 kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Arusha a ƙasar Tanzaniya ta samu Ferdinand Nahimana na wannan rediyo da Hassan Ngeze na jaridar Kangura da laifi. Babu editan kirki da zai kai nan, na sani. Amma hanyar takan fara ne daga kanun labarin da ke jingina laifin mutum biyar ga ƙabila ko addini baki ɗaya. Idan ambaton ƙabilar wanda ake zargi bai ƙara wa labarin komai ba, a cire shi.

Watsa labari kai tsaye kuwa yana da nasa haɗari. A gasar Olamfik ta Munich a 1972, masu garkuwa da 'yan wasan Isra'ila sun kalli 'yan sanda suna hawa rufin gini a talabijin, dole aka fasa farmakin ceto 'yan wasan. Kada a faɗi inda jami'ai suka ja daga, ko inda waɗanda suka tsira suka laɓe, sai an gama. Wanda ya ba da shaida ma a rufe fuskarsa, a sauya muryarsa, a yanke bangon gidansa daga hoton, domin ɗan jarida zai tafi, shi kuwa a nan zai kwana.

Abin takaici, ɗalibi yakan haddace ƙa'idojin da ƙungiyar 'yan jarida ta duniya ta amince da su a Bordeaux a 1954, ya ci jarrabawa, ba a taɓa ba shi hoton bogi an ce ya gano asalinsa ba. Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, jaridarka ta ware gurbi na dindindin don gyaran kuskure, kuma idan a shafin farko aka yi kuskuren, a shafin farko a gyara shi.

Naka,
Wani mai karatu