Amsa ga Alhajin Kasuwar Dole kan amfanin binciken fizik ga Damagaram

Baba Alhaji, assalamu alaikum.

A shirin rediyo na makon jiya kun tambaye ni abin da binciken fizik na daskararrun abubuwa zai ƙara wa ɗan kasuwa ko manomin Damagaram, tunda ba ya noma gero, ba ya gina rijiya. Lokaci ya ƙure ban amsa ba, shi ya sa na ɗauko alƙalami.

Wannan ilimi yana duba yadda ƙwayoyin zarra suke jeruwa cikin ƙarfe, dutse ko gilashi, da yadda lantarki da zafi suke ratsa su. Shi ya haifi transista, ƙaramar na'urar da ke sarrafa lantarki a cikin rediyo da waya, a Amurka a 1947, da farantin sola na silikon, sinadarin da ake tacewa daga yashi, a 1954, kuma salular da kuke karɓar kuɗin kaya da ita jikarsa ce.

Ba zan yi muku alkawarin masana'antar silikon a nan ba, domin jarinta ya fi ƙarfinmu. Amfanin da nake gani yana cikin shagonku. Ƙarfin da ake rubutawa a bayan faranti an auna shi ne a digiri 25, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin garin nan yana wuce 40, farantin da ke kan rufin kwano kuwa ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Kowane digiri da ya ƙaru yana rage wa silikon kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa, ga ƙurar hunturu da ke rufe fuskarsa, ga batir da zafi yake cinyewa kafin ya biya kuɗinsa. Mai lambu a Mirriya da ya ci bashi ya sayi famfon sola bisa alƙaluman da aka auna a digiri 25, shi ne yake ɗaukar asarar, kuma ku zai zo ya yi wa ƙorafi. Tun da Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023, mun ga yadda jama'a suka ruga sayen waɗannan kaya ba tare da mai aunawa ba.

Marigayi Farfesa Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, a kan makamashin ranar ƙasar nan ya yi bincikensa, har ya ƙera murhu da tukunyar dumama ruwa masu aiki da ita. Hanyarsa nake so ɗalibanmu na Jami'ar André Salifou su bi.

Ina roƙonku ku ara mana faranti uku masu tambari dabam-dabam, mu aza su kan rufi daga bazara zuwa hunturu, mu kawo muku sakamakon a rubuce kafin ku sake yin odar kaya.

Wassalam,
ɗanku, malamin fizik a Damagaram.