Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni a tashar Garwa, ƙasar Kamaru

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ranar Asabar, a gaban direbobi da 'yan acaɓa, ka miƙe ka tambaye ni ko ran wa darasina na kiyaye haɗarin mota ya taɓa cetowa, tunda har yau motoci na kifewa a gangaren Ngaundere, sannan ka ƙara da cewa kuɗin ɗalibai nake nema. Na yi shiru a lokacin saboda furfurarka, amma maganar kuɗin ta yi mini ciwo ƙwarai.

Shekara 22 na yi ina jan tirela daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zuwa Kusiri da Njamena, kuma ka tambayi duk wanda ya san ni a wannan hanya ko na taɓa cin haƙƙin wani. Abin da ya sauke ni daga mota ya zaunar da ni ina koyarwa shi ne ranar da na sa hannu muka zaro gawar wani yaron mota daga ƙarƙashin buhunan siminti a wannan gangare, ƙaurin birki bai ma gama bajewa ba. Direban bai sha komai ba. Ya sauko ne da babbar giya yana ta taka birki har ya yi zafi ya daina kamawa, domin babu wanda ya taɓa gaya masa cewa mota mai nauyi da ƙaramar giya take sauka, inji ya riƙe ta. Wannan nake koyarwa, tare da cewa idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya yana ninka huɗu.

Ka ce laifin hanya ne. Na yarda cewa tsakanin Mora da Kusiri ta wahalar da mu, amma rami bai taɓa hana ɗan acaɓa sa hular kwano ba.

Abin da ban ji ka ambata ba, Alhaji, shi ne masu motocin da ke yi wa direba waya tsakar dare su ce lallai kaya su isa kafin asuba, alhali ya kwana biyu bai rintsa ba, da waɗanda ke miƙa makulli ga yaron da ya sayi lasin bai zauna jarrabawa ba. Kai ma mai motoci ne, kuma ina zargin abin da na faɗa kan hutun direba ne ya tunzura ka.

Asabar mai zuwa bayan la'asar muna nan a tasha. Ka turo direbobinka, ba zan karɓi ko dala ba.

Wassalam.